Shekara huɗu a Santambul: baglama, jirgin ruwa da maganar ƙ, ɗ, ɓ

Baƙon Uskudar:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da aka sa ni a nan karatu kawai nake yi, yau na ce bari in saki baki. Wata mai kamawa zan cika shekara huɗu a Istanbul, wadda kakanninmu ke kira Santambul. Sana'ata gina shafukan intanet. Wurin aikina yana ɓangaren Turai, gidana yana Uskudar a ɓangaren Asiya, saboda haka kullum sai na haye ruwa sau biyu. Akwai jirgin ƙasa na Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin teku tun 2013, minti huɗu ka tsallake, amma in dai ban makara ba jirgin ruwa nake hawa. A ciki ana sayar da shayi ba madara a ɗan kofin gilashi mai tsukakken ƙugu, da simit, wani burodi zagaye kamar awarwaro da aka barbaɗe da riɗi. Yara na gutsura suna jefa wa tsuntsayen teku, su kuma suna cafewa a sama.

A jirgin nan na fara jin baglama da kunnen basira. Wani dattijo ne a zaune yana kaɗawa, idonsa a rufe. Baglamar tana da dogon wuya, tsirkiya bakwai an kasa su uku, cikinta na itace. Yadda yake waƙar ne ya kama ni: ya ɗaga murya can sama, ya sake ta tana gangarowa a hankali, kiɗan yana bin magana sau da ƙafa. Wallahi sai da na tuna gurmin da nake ji a rediyon babanmu bayan isha'i. Asabar ɗin makon na bi gangaren Galip Dede, layin da ke saukowa daga Tunel zuwa hasumiyar Galata inda shagunan kayan kiɗa suke jere, na sayi mai gajeren wuya, irin wadda ake fara koyo da ita. A wuyanta an ɗaɗɗaure zare mai raba muryoyi, kuma ana iya zame shi sama ko ƙasa. Dalili, tazarar da piyano ya raba biyu kacal, su a lissafinsu tara suka raba ta, shi ya sa suke da muryoyin da babu su a kiɗan Turawa. Salon tafiyar murya makam suke ce masa, kuma ko kiran salla da shi ake yi. Na asuba a Saba, mai sanyi, kamar mai rarrashi. Na magariba a Segah, kuma ba a jan sa da yawa.

Abin da ya kawo ni yau ya wuce kiɗa. Watana biyu da fara aiki wani shafi da muka gina ya daina karɓar masu shiga. Kwana biyu muna laluben matsalar, ashe harafin i ne. A Turkanci i iri biyu ne, mai ɗigo da marar ɗigo, kowanne da babbansa. Ƙaramin i in ya girma İ yake zama, ı kuma ya zama I. Kwamfutar da aka saita da Turkanci in ka ce ta mayar da kalma manyan baƙaƙe sai ta ɗora ɗigo, kalmar ta daina dacewa da abin da manhajar ke jira. Muka gyara. Amma a duk ofishin ba wanda ya ce a jefar da harafin a huta. Sınır iyaka ce, sinir jijiya ce ko fushi, kuma ba su yarda su zama abu ɗaya ba.

Daren nan na kasa barci ina tunanin ƙafa da kafa, baƙi da baki, ɓata da bata. Daga nan na fara gina wani ɗan shafi a lokacin hutuna, inda za a rubuta baitocin waƙoƙin makaɗanmu na da, da lanƙwasa cikakkiya, ga murya ga rubutu. Ina neman masu taya ni saurare da rubutawa. Kuma ina son jin ra'ayinku: in tsaya a kan sai da lanƙwasa, ko in karɓi rubutu duk yadda ya zo?

Dan Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Malam ai ko ba lankwasa muna ganewa. In na ce kasa, zancen ne zai nuna maka Najeriya nake nufi ko kasa cin tuwo. Kuma baki da ka kawo misali, ko ka sa lankwasar ai ba ka raba bakin launi da bakin da suka zo daga tafiya ba. Wayata ma ba ta da su.

Maman Iman, Yamai:
Ɗan'uwa na Kantin Kwari, wayarka tana da su. In Gboard, kibod ɗin waya na Google, kake amfani da shi, shiga wurin harsuna ka ƙara Hausa, minti ɗaya bai cika ba. Gaskiyarka a kan baƙi, rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, wannan kam zance ke warwarewa. To amma don an bar ƙofa ɗaya a buɗe sai a cire sauran ƙyamaren? Ni malamar firamare ce. Babba da ya tashi da Hausa a baki yana cike gurbi da kansa. Yaro ɗan aji biyu da ke haɗa baƙi, abin da ya gani shi zai furta. Haka yaranku da ake haifa a can, waɗanda Hausarsu ta tsaya a abin da suke ji wurin uwa.

Malam Baƙo, ka tsaya a kan lanƙwasa. Sai dai ka sani mu a Nijar ƴ muke rubutawa inda ku kuke sa 'y. Ƴan'uwa, ƴaƴa. Kada shafinka ya ɗauki namu a matsayin kuskure.

Alhajin Laleli:
Ƙanena, na karanta har ƙarshe. Ni shekarata tara a garin nan ina harkar kago, daga unguwar Laleli nake ɗaure kayan 'yan kasuwarmu zuwa Kano da Yamai da Njamena. Garin da ka ba da labari ban ce babu shi ba, amma ba shi kaɗai ba ne. Ka faɗa wa yaran da ke karanta ka maganar takardar izinin zama. An rufe wasu unguwanni ga sabbin baƙi, har da nan Fatih. Ka faɗa musu yadda kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, da yadda mai gida zai ji muryarka a waya ya ce akwai ɗaki, ya gan ka ido da ido ya ce an riga an kama. Ni an yi mini, ba sau ɗaya ba. Kada yaro ya sayar da gonar gado ya taho don ya ji ana shan shayi a jirgin ruwa.

Batun haruffa kuma, ka dubi saƙonnin da Turkawa masu shago ke turo mini. Rabi ba wutsiya ba ɗigo. Su ma suna jefarwa in suna sauri.

Baƙon Uskudar:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa haka yake, kuma na gode da ka faɗa. Ni da aiki a hannu na zo, kamfani ya yi mini takardu, hanyata ba irin ta mai zuwa nema ba ce. Maganar haya ta same ni ni ma, gida uku aka mayar da ni daga bakin ƙofa. Duk wanda ke shirin tahowa ya saurari Alhaji kafin ya saurare ni.

Sai dai a unguwar da na samu na zauna, na ga abubuwan da ba zan iya ɓoyewa ba. A gidan burodin layinmu akwai abin da suke kira askida ekmek, wato burodin da aka rataye. Ka sayi biyu ka ɗauki ɗaya, ɗayan a ajiye wa wanda ba shi da kuɗi, ya zo ya karɓa ba wanda ya san wa ya biya. Tsohuwar da ke saman benenmu ba ta iya saukowa, kwando take zurowa da igiya ta taga, mai kanti ya zuba mata kaya ta ja. Teyze nake ce mata, kamar ka ce inna. Watan Muharram ta aiko mini da ashure, wani abin zaƙi na alkama da wake da busassun 'ya'yan itace. Na wanke kwanon zan mayar haka nan, abokin aikina ya ce a'a, ba a mayar da kwano wayam. Na ce ikon Allah, ai wannan tarbiyyar gidanmu ce. Na zuba dabino na kai mata. Kuma in ka wuce mai shara ko mai gyaran takalmi sai ka ce masa kolay gelsin. Ranar da na gane sannu da aiki ce, ranar na fara jin ƙafata ta taka ƙasa a garin.

Saƙon waya kam suna jefarwa, gaskiya ne. Amma a jarida, da allon titi, da littafin makaranta, da katin shaida, ban taɓa ganin an jefar ba. Mu a nan ne muke jefarwa.

Malam Na Zariya:
Assalamu alaikum. Ɗana, Allah ya yi albarka. Haruffan da kake yabo, ka san abin da aka biya kafin a same su? A watan Nuwamba na 1928 aka yi dokar da ta sauke rubutun Larabci da Turkawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta harshensu da shi, aka ɗora na Latin mai harafi 29. Yau jikan mutum zai tsaya a kan kabarin kakansa a nan Uskudar ɗin da kake, ya kasa karanta abin da ke jikin dutsen. Kiran sallar da ya sanyaya maka zuciya, daga 1932 zuwa 1950 da Turkanci aka tilasta yin sa. Ba don in rage maka jin daɗi na faɗa ba. Mu ma bokon nan da lanƙwasarsa a shekarun 1930 ya daidaita, a nan Zariya aka yi yawancin aikin, alhali ajami ya riga shi nesa ba kusa ba. In za ka yi taska, waƙoƙin da aka rubuta da ajami fa? Na wa'azi, na furu'a, na bege, waɗanda ke cikin gafakar malamai gara na ci?

Sannan kayan kiɗa, ka san malamai sun yi magana mai yawa a kansu. Ina yi maka nasiha kada su cinye maka lokacin da ya fi su daraja.

Abu Hanif:
Malam ya sassauta ne. Kiɗa haramun ne, a daina kewaye-kewaye. Mutum ya je ƙasar da ke cike da masallatai da ɗakunan karatu ya dawo mana da molo.

Shugaban Zaure:
Abu Hanif, ka faɗi fahimtarka, an ji. Mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta tun da daɗewa, kuma mun yi ta a zauren nan har sau biyu ba mu ƙare ba. Mai so a sake ta ya buɗe mata nata wurin. A ci gaba da abin da ake kai.

Baƙon Uskudar:
Malam, na karɓi nasiha hannu biyu. Maganar kaburbura na gani da idona a maƙabartar Karaja Ahmet, duwatsu birjik da rubutu mai kyau, masu wucewa ƙalilan ne ke iya karantawa. Ajami kuwa ban ƙware ba, na makarantar allo ne kawai. In akwai ɗalibanku da za su ɗauki hoton takardu su juya su zuwa boko, zan yi wa shafin gurbi a jera su gefe da gefe, hoton asali a dama, boko a hagu.

Injiniya, Kuwala Lumfur:
Bari in shigo ta ɓangaren aiki. Baƙo, rigimar Maman Iman da mutumin Kantin Kwari ba sai ɗaya ya kayar da ɗaya ba. Ka adana rubutu da lanƙwasa, amma akwatin bincike ya yafe wa mai nema. Wanda ya rubuta kasa a kawo masa har da ƙasa. Sai dai ka kula, dabarar da aka saba da ita ba za ta yi maka aiki ba. A Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, harafi irin ş ko é ana iya warware shi gida biyu, uwar harafi da alamarta, sai ka zubar da alamar. Amma ƙ, ɗ, ɓ, ƴ ba sa warwaruwa, kowannensu harafi ne guda cur. Sai ka rubuta jadawalinka da hannu: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, har da manyansu. Ka ajiye wannan kwafin a gefe don bincike kawai.

Abu na biyu da zai ba ka ciwon kai shi ne alamar da ke gaban 'y. Akwai miƙaƙƙiya ta kan kibod, akwai lanƙwasasshiya da waya ke sauyawa da kanta, akwai kuma ta ukun da Unicode ya ware a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya ne, a wurin kwamfuta uku ne. Ka haɗe su duka da ƴ ta Nijar a wurin bincike, kowa ya samu abin da yake nema.

Baƙon Uskudar:
Injiniya, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Abin mamaki, ı ta Turkawa ma ba ta warwaruwa, don haka jadawalin da muke amfani da shi a ofis na ɗauko na ƙara namu a kai. Alamar 'y ce ban yi tunaninta ba, yau da dare zan gyara.

Wadda ta wahalar da ni ita ce salon haruffa. Sai ka zaɓi mai kyau, ka buɗe shafi, ka ga ɗ da ɓ sun fito kamar baƙi a cikin kalma, ko sun fi sauran kauri ko sun karkace. Ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin haruffan masana furuci ne, ƙ da ƴ suna wani rukuni dabam, masu zana haruffa da yawa kuma ba sa kaiwa can. Sai burauza ta aro daga wani salon ta cusa. Yanzu salon Noto nake amfani da shi, akwai kuma Andika da Charis, duk suna da namu cikakku. Na kuma yanke haruffan da ba ma buƙata don shafin ya yi sauƙin buɗewa, saboda na san yadda data take a gida.

Jikan Makaɗa:
Tun ɗazu nake jira a zo kan waƙoƙin kansu. Ni gidan kiɗan fada na tashi, kakana da kotso ya rayu. Abu uku, Malam Baƙo.

Waƙoƙin nan suna da magada. Shata ya rasu 1999, Ɗanƙwairo 1991, Ɗan Maraya 2015, duk iyalansu na nan da rai. An daɗe ana kwafar muryoyin iyayenmu ana ci da su, gida ko sisi. Kafin ka ɗora murya, a nemi izini. Sallama ce kawai wani lokaci, amma a yi ta.

Sannan in ka zo rubuta waƙar mutumin Sakkwato ko Zamfara, ka rubuta yadda ya furta. In ya ce shina, kada ka gyara masa zuwa yana. In ya ce ɗiya, ka bar masa ɗiyarsa. Na ga littattafai da aka mayar da makaɗan fada Kanawa ƙarfi da yaji, karin waƙar ya karye. Kuma waƙa ɗaya ba ta da rubutu ɗaya. Shata in ya yi waƙa yau, gobe a wani filin da wasu baitoci zai zo. Ka rubuta wace ɗauka ce, a ina aka same ta. Amshin 'yan amshi ma a rubuta, rabin ma'anar a can take.

Na ukun tambaya ce. Su Turkawan ya suka yi da nasu?

Baƙon Uskudar:
Ranka ya daɗe, wannan ce tambayar da na so a yi mini. Su da ƙafa suka bi ƙauyuka. A 1936 wani masanin kiɗa ɗan Hungari, Bela Bartok, ya zo ya ɗauki muryoyin mutanen karkara a yankin Adana. Daga 1937 makarantar kiɗa ta gwamnati da ke Ankara ta riƙa tura ayari duk shekara, har cikin shekarun 1950, suka tattaro dubban waƙoƙi. Jigon aikin, Muzaffer Sarisozen, ya riƙa sa su a rediyo a shirin Yurttan Sesler, wato muryoyi daga ƙasa. Abin da ya fi burge ni, har yau in ka ɗauki takardar waƙar gargajiya daga taskar gidan rediyonsu, a samanta za ka ga garin da aka samo ta, da sunan wanda ya rera, da sunan wanda ya ɗauko. Daidai abin da ka ce a yi. Malamin da ke koya mini ba ya fara waƙa sai ya faɗi garinta.

Kuma da za ka zo da ka ga 'yan'uwan kayanku. Zurna algaita ce sak, har yadda mai busa ke kumbura kumatu yana jan numfashi ta hanci ba ya yankewa, kuma da ganga take tafiya. Kabak kemane da duma ake yin cikinta, da baka ake goga ta, ƙanwar goge ce mai tsirkiya fiye da ɗaya. Suna da mawaƙan da ake kira ashik masu gasar ƙirƙirar baiti nan take. A wani salon gasar allura ake sa wa mawaƙi a tsaye tsakanin leɓɓansa, ya yi waƙa ba b, ba m, ba p, in ya kuskure ta soke shi. Da azumi kuma mai ganga ke zagaya layinmu yana tashin mutane sahur, ƙarshen wata ya bi gida-gida a sallame shi.

Izini kuwa, na ɗauka. Ba zan ɗora muryar kowa ba sai an je gidansu. Ni ina nesa, a nan ne nake buƙatar irinku.

Maman Iman, Yamai:
Duk maza kuka lissafa. Ina Barmani Choge da amada? Ina waƙoƙin niƙa da na daɓe da na gaɗa, waɗanda ba su da kaset ko ɗaya, suna bakin tsofaffi kawai? Tun da injin niƙa ya shigo waƙar niƙa ta fara mutuwa. Kakata tana Tasawa, ta haura tamanin, in ta fara ba ta tsayawa. Hutun nan zan je, zan ɗauke ta da waya in ta yarda. Ka gaya mini yadda zan yi kada ya lalace.

Injiniya, Kuwala Lumfur:
Hajiya, ki sa wayar a yanayin jirgi kada kira ya katse. Ki ajiye ta kan matashi kusa da ita, ba a hannu ba, a ɗakin da ba fanka. Da farko ki faɗi ranar da garin, ki bar ta ta faɗi inda ta koyi waƙar. In manhajar na ba da zaɓi ki ɗauka a WAV, wato sautin da ba a matse ba, minti ɗaya na iya cin megabait 10, amma shi ne na ajiya. Wanda za a ɗora wa jama'a Baƙo zai matse shi ya koma kamar rabin megabait a minti. Wurin turowa ta WhatsApp ki tura shi a matsayin fayil, kada ki sake ɗauka da maɓallin saƙon murya.

Dan Kantin Kwari:
Ni dai har yanzu ban ga laifin rubutuna ba. Amma akwai kwali biyu na kaset a shagon marigayi babanmu, tun na zamanin rediyo mai batir, wasu ma ba suna a jiki. In suna da amfani a zo a duba.

Jikan Makaɗa:
Suna da amfani, musamman marasa sunan. Kada ka sa su a rediyo tukuna, tsohon kaset yana iya tsinkewa ko ya naɗe a ciki. Ka raba su da rana da damshi. Ina shigowa Kano ranar Laraba, zan zo da rediyon da na amince da ita mu saurara tare, in Allah ya yarda zan gane muryoyin da yawa.

Alhajin Laleli:
In an gama tantancewa kuna so su iso Santambul, ku kai wa yarona a Kano, zan sa a taho da su cikin kayana ba ko kwabo. Ƙanena, kai kuma ka hayo unguwar Aksaray ranar Juma'a bayan masallaci, akwai inda muke cin tuwo da miyar kuka. Ka taho da abar kiɗan taka in gani.

Baƙon Uskudar:
In sha Allahu Alhaji, zan hau jirgin Eminonu in ƙarasa da taram. Maman Iman, ki tambayi Kaka ko ta yarda a sa sunanta da garinta a saman waƙoƙin, ko ta fi so a sakaya. Jikan Makaɗa, zan turo maka takardar da za a riƙa cikewa ga kowane kaset kafin Laraba.